Shekarun matuƙin jirgi nawa? Batun natsuwa a darasin lissafi na firamare

A wajajen 1980 wasu masu bincike kan koyar da lissafi a birnin Grenoble na Faransa suka shiga azuzuwan firamare da wata tambaya. Jirgin ruwa ne, a cikinsa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Yara 97 aka ba ita, 'yan shekara bakwai zuwa tara. Guda 76 suka juya lambobin nan biyu suka fito da shekaru. Hanya mafi kusa ita ce a tara tumaki da awaki, sai matuƙi ya tashi da shekara 36, kamar dabbobin sun halarci sunansa.

Bayan 'yan shekaru wani masani ɗan Suwizalan, Kurt Reusser, ya kawo labarin irinta da makiyayi: tumaki 125, karnuka 5, shekarun makiyayin nawa? Wajen uku cikin kowane yara huɗu sun ba da amsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ɗaya daga cikin yaran ya kai ga tasa amsar, don an saurare shi yana lissafin a fili. Ya tara, ya samu 130, ya ga mutum ba ya kai haka. Ya ɗebe, 120, nan ma ta yi yawa. Ya raba, 25 ta fito, ya ga ai wannan ta dace da makiyayi, ya tsaya nan. Duk wanda ya kira yaron nan dolo bai duba da kyau ba. Ya san tsawon ran ɗan Adam, ya iya tarawa da ɗebewa da rabawa, ya kuma auna amsoshinsa ɗaya bayan ɗaya. Abu guda ne bai taɓa zuwa masa a rai ba, cewa tambayar da malami ya rubuta da hannunsa tana iya rasa amsa.

Na gwada irin wannan da 'yar ƙanwata da ke aji huɗu. Na rubuta mata a ƙasan aikin gidanta: mai shayi yana da kofi 12 da cokali 8, 'ya'yansa nawa? Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta rubuta 20, ta ɗauki rula ta ja layi biyu a ƙasa kamar yadda aka koya musu. Bayan kwana biyu muna zaune a tsakar gida da dare, na jefa mata 'yar'uwar tambayar da baki, kamar hira: mai kayan miya yana da kwando shida da buhu uku, matansa nawa? Ta dube ni ta ce, "Kai Kawu, ina zan sani? Wane mai kayan miyan ma?" Yarinyar nan ita ke karɓar kuɗin awara a ƙofar gida bayan la'asar, kuma ban taɓa jin uwarta ta yi ƙorafin canji ba.

Ba ita kaɗai ba ce. A 1985 wasu masana uku suka buga binciken da suka yi a birnin Recife na Birazil a kan yara biyar masu talla a titi. Sun je musu a matsayin masu saye, kwakwa goma nawa, ga kuɗi a ba ni canji, yaran suka ci wajen kashi 98 cikin ɗari. Da aka dawo musu da lambobin nan dai a kan takarda, babu kwakwa babu mai saye, sai suka faɗo zuwa wajen kashi 37. Wato yaro ɗaya ne da lissafi iri biyu. A bakin titi hankalinsa na kan abin da lambobin ke nufi, don in ya kuskure akwai mai jiransa a gida. A kan takarda hannu ke aiki, kai ya tafi hutu.

Wannan tafiya hutun da kai ke yi shi ya sa makarantu a Amurka da Turai suka rungumi abin da za mu iya kira halarto da hankali, wato mutum ya kasance yana nan tare da abin da yake yi, yana lura da shi, yana kuma lura da kansa. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa sallame salla bai san surar da ya karanta ba, ko ya tsaya yana kokwanton uku ya yi ko huɗu, ya san bambancin baki na motsi da zuciya na halarce. Inda aka samu ruɗani shi ne kalma ɗaya ce Turawa ke amfani da ita ga abubuwa biyu mabambanta, kuma masu tallata shirye-shiryen makarantu sukan cakuɗa su. Na farko kwantar da zuciya ne. Na biyu buɗe ido ne a kan ita kanta tambayar. Dukansu suna da wurinsu, amma ba ciwo ɗaya suke magani ba.

Na farkon ya fito ne daga asibiti. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara wani shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts, don masu fama da ciwo mai naci da damuwa. Ya ɗauko salon zaman tunani na mabiya addinin Buda, ya tuɓe masa rigar addini, ya bar bin numfashi da lura da abin da jiki ke ji. Daga baya aka gajarce shi aka kai aji: a kaɗa 'yar ƙararrawa, yara su rufe ido, su bi shigar numfashi da fitarsa na minti biyu ko uku, sannan a buɗe littafi.

Dalilin da ya sa aka haɗa wannan da lissafi yana da tushe mai ƙarfi, shi ne tsoro. Ƙwaƙwalwa tana da wani ɗan wuri da take ɗora abin da take aiki a kansa nan take, kamar faifan 'yar talla, kuma ƙarami ne ƙwarai, masana da yawa na ganin abu wajen huɗu yake ɗauka a lokaci guda. Ka ce wa yaro ya tara 47 da 38 da ka. Sai ya riƙe lambobin biyu, ya haɗa 7 da 8 ya samu 15, ya ajiye 5 ya riƙe 1, ya koma kan 4 da 3 bai manta da ɗayan da ya riƙe ba. Faifai ya cika. To ka ƙara masa da tunanin dorinar da ke kan tebur, da dariyar da 'yan aji za su yi in ya faɗi shirme. Su ma wuri suke ci a faifan, kuma abin da za su fara turewa ƙasa shi ne ɗayan nan da ya riƙe. Mark Ashcraft da abokiyar aikinsa sun nuna haka a 2001: masu fargabar lissafi sun fi tuntuɓe a tambayoyin da ake riƙe ɗaya, musamman in an ɗora musu wani abin tunawa a gefe. Binciken da aka yi daga baya a Chicago ya gano fargabar tana nan tun aji ɗaya da aji biyu. Saboda haka yaron da ya iya abu a gida ya zo gaban allo ya daskare ba ƙarya yake yi ba in ya ce ya sani ya manta.

To shin zaman numfashi na ƙara maki? Nan sai a yi hattara. Binciken da aka fi ambata shi ne na Kimberly Schonert-Reichl a yammacin Kanada, wanda ya fito a 2015. 'Yan aji huɗu da biyar da suka yi shirin, da zaman numfashi sau uku a rana, sun fi takwarorinsu makin lissafi a ƙarshen shekara. Amma yara 99 ne a azuzuwa huɗu kacal, kuma shirin ya ƙunshi darussan tausayi da godiya da sanin halin zuciya, ba numfashi kaɗai ba. Da azuzuwa huɗu, malama guda mai ƙwazo ta isa ta karkata sakamako. Wani nazari na 2017 da ya tattara gwaje-gwaje da dama na makarantu ya ga ɗan amfani ta fuskar mai da hankali da sarrafa zuciya, bai ga tabbataccen ƙarin maki ba. Sai kuma babban gwajin Birtaniya da aka bayyana sakamakonsa a 2022, makarantu 84, ɗalibai fiye da 8,000 masu shekara 11 zuwa 14. Lafiyar zuciya aka auna a nan, kuma yaran sun girmi 'yan firamare, amma darasin ya shafe mu: shirin bai fi darussan da aka saba yi ba, yawancin yaran ba su ma yi atisayen a gida ba. Abin mamaki, waɗanda suka ɗan amfana su ne malaman da aka horar, gajiyar aiki ta ragu musu, aƙalla da farko.

Ni ban raina numfashi uku kafin a fara aiki ba. Ba ya cin kuɗi, ba ya cin lokaci, kuma ba sai an shigo da ƙararrawa ko zaman wani addini ba kafin malami ya ce wa yara su ajiye fensir su natsu. Sai dai in tsoron daga hannun malami yake fitowa, a sa yaro ya ja numfashi alhali dorina na nan a kan tebur, an bar jaki ana dukan taiki. Wani lokacin ma ba duka ba ne, gadon tsoron yaro ke yi daga malami. Sian Beilock da abokan aikinta sun bi malamai mata 17 na aji ɗaya da aji biyu a Amurka tsawon shekara, suka buga sakamakon a 2010. A farkon shekara babu alaƙa tsakanin fargabar malama da ƙoƙarin yara. Kafin ƙarshenta, 'yan matan da ke hannun malamai masu tsoron lissafi sun fi yarda cewa lissafi na maza ne, karatu na mata, kuma waɗanda suka yarda da hakan sun fi kowa ƙarancin maki. Mazan ajin abin bai taɓa su ba. In akwai wanda ya fi buƙatar a kwantar masa da hankali a darasin lissafi, sau da yawa mai riƙe da allin ne.

Amma ba nan gizo ke saƙa ba. 'Yar ƙanwata ba ta jin tsoron komai lokacin da ta ba mai shayi 'ya'ya ashirin. A kwance take a kan tabarma, hankalinta kwance, faifanta fes. Da za ta yi awa guda tana bin numfashinta, 20 ɗin za ta rubuta. Abin da ya sa ta rubuta shi koya mata aka yi. Masanin Faransa Guy Brousseau ya kira shi yarjejeniyar da ba a rubuta ba tsakanin malami da ɗalibi: duk tambaya tana da amsa, amsar guda ce, lamba ce, dole a yi amfani da duk lambobin da aka bayar, kuma hanyar ita ce wadda aka koyar jiya. Babu malamin da ya taɓa faɗin wannan da baki. Amma yaron da ya yi tambaya dubu, duk dubun suka bi wannan tsari, wauta ce gare shi ya tsaya karanta labarin mai shayi. Gudu ake saka wa da maki, ya kuwa koyi gudu.

Nan ne ma'ana ta biyu ta shigo, kuma sunan da aka fi danganta ta da shi Ellen Langer ce ta Jami'ar Harvard. Ita babu ruwanta da rufe ido. A wurinta kishiyar halarto da hankali ita ce mutum ya maƙale wa abin da aka fara gaya masa, ya daina ganin abin da ke gabansa. A wani gwaji na 1987 ta nuna wa mutane wani abu na roba. Wasu aka ce musu wannan abin taunawar kare ne, wasu aka ce musu wannan zai iya zama abin taunawar kare. Can sai aka ƙirƙiro buƙatar goge rubutun fensir, babu kilina a ɗakin. Waɗanda suka tuna cewa robar za ta iya gogewa daga cikin 'yan "zai iya zama" suka fito. Kalma biyu kawai aka canza.

Tun kafin ita, a 1942, Abraham Luchins ya nuna yadda nasara kanta ke makantar da mutum. Ya ba mutane, har da 'yan makaranta, tambayoyin awon ruwa. Ga tuluna uku, ɗaya na cin awo 21, ɗaya 127, ɗaya 3, a fitar da awo 100 daidai. Hanyar ita ce a cika babban, a ɗebe cikin na 21 sau ɗaya, a ɗebe cikin ƙaramin sau biyu. Ya jero musu wasu da ke bin wannan hanya har hannu ya saba. Sannan ya ba su 23, 49 da 3, a fitar da 20. Yawancinsu suka sake cika na 49 suka bi doguwar hanya, alhali cika na 23 a ɗebe 3 ya wadatar. Waɗanda ba a fara horar da su da doguwar hanyar ba nan take suka ga gajeriyar. Da ya sa wasu suka rubuta wa kansu gargaɗin kada su makance kafin su ci gaba, da yawansu suka farga. Duk malamin da ya taɓa ba da tambaya ashirin iri ɗaya a jere a ƙarƙashin kanun "Rabawa" ya yi wa ajinsa gwajin Luchins bai sani ba.

Mafi munin irin wannan horo shi ne na kalmomin alama, kuma ana yin sa da kyakkyawar niyya, don a taimaki yaro ya ci jarrabawa. In ka ga "duka" ko "jimla" ka tara, in ka ga "saura" ka ɗebe, in ka ga "ya fi" ka ƙara. To ga tambaya: mai ƙosai ta sayar da 30, saura 15 a tire, nawa ta soya? Yaron da ya riƙe doka zai ga "saura" ya ɗebe, ya ce 15, wato ta sayar da ninkin abin da ta soya. Ko kuma: Ladi tana da goro 9, ta fi Talatu da 4, goron Talatu nawa? Zai ga "ta fi" ya tara ya ce 13, wadda aka fi ta koma ita ce mai yawa. Dokar tana aiki a wasu lokutan, shi ya sa take da haɗari, don tana biyan yaro lada a kan ƙin karanta labarin.

Amurkawa sun ga ƙarshen wannan hanya a jarrabawarsu ta ƙasa a farkon shekarun 1980. Aka tambayi 'yan shekara 13: motar soja na ɗaukar mutum 36, za a kai soja 1,128 filin horo, mota nawa ake buƙata? Wajen kashi 70 cikin ɗari sun yi rabawar daidai. Amma kashi 29 suka rubuta 31 saura 12, kashi 18 suka ce 31, suka bar soja goma sha biyu a tsaye a bariki. Kashi 23 kacal suka ce 32.

Wannan tambaya ta motoci ita ta koya mini darasin da na fi so in ga ana yi a aji uku ko huɗu, kuma allo da alli kawai yake buƙata. A rubuta 14 a raba 4, kowa ya yarda 3 ne saura 2. Sannan a kawo labari huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Yara 14 za su biki, kowace A Daidaita Sahu na ɗaukar huɗu, guda nawa za a tare? Huɗu. Tela na da yadi 14, kowace riga na cin yadi huɗu, riga nawa zai fitar? Uku. Yadi nawa zai rage masa na hula ko aljihu? Biyu. An sayo ƙosai 14 za a raba wa yara huɗu ba cuta, nawa kowa zai samu? Uku da rabi. Rabawa ɗaya, amsa huɗu, kuma babu kalmar alamar da za ta cece ka, sai ka ga yaran a bakin titi, ka ga telan da almakashinsa. In aka yi sa'a wani daga bayan aji zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai uku ma ta isa, sai a ɗora ƙananan a cinya." Malamin da ya daka masa tsawa ya kashe abin da ya zo nema. Yaron nan shi ne ya fi kowa halarto da hankalinsa, don shi ya shiga motar da gaske. Abin yi shi ne a ce ya yi gaskiya, sannan a tambayi aji: in mai Adaidaitan ya ƙi fa?

Masu koyar da lissafi sun daɗe da sanin matakan George Pólya, ɗan Hungari da ya koyar a Jami'ar Stanford, waɗanda ya fitar a wani ɗan littafi a 1945: ka fahimci tambayar, ka tsara hanya, ka bi ta, ka waiwayo ka duba. Na farko da na ƙarshe su ne gidan natsuwa, kuma su ake tsallakewa. Na taɓa shiga wani aji na ga an rubuta matakan huɗu a kwali an manna a bango, yara na rera su da murya ɗaya kamar karatun sau, suna gamawa suka koma farautar lambobi. Maganin hadda ya zama abin hadda. Alan Schoenfeld na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya ɗauki bidiyon ɗalibai, manya ma ba 'yan firamare ba, suna fama da tambayoyin da ba su saba gani ba na minti ashirin. A wajen kashi 60 cikin ɗari na zaman, sukan karanta, su cafki hanya cikin minti ɗaya ko biyu, su bi ta har lokaci ya ƙare ko da ba ta ɓullewa. Gwanin lissafi kuwa da aka ba irin wannan aiki, fiye da rabin lokacinsa ya tafi wajen juya tambayar da auna hanyoyi kafin ya duƙufa. Kamar tsofaffin 'yan dara ne a gindin bishiya, hannu na sama da ɗan itace, ba a sauke shi sai an ga abin da zai biyo baya. Maganin da Schoenfeld ya yi amfani da shi tambayoyi uku ne da yake zagayawa yana yi wa ɗalibai suna cikin aiki: me kake yi yanzu, don me kake yin sa, in ka samu amsarsa me za ta amfane ka da shi? Da farko sukan yi zuru. Da suka ga ba zai daina ba sai suka fara shirya amsa kafin ya iso, daga nan suka fara yi wa kansu tambayoyin ko ba ya kusa. Yaro ɗan shekara takwas zai iya ɗaukar sassauƙan irinsu: gaya mini labarin ba lamba, zana mini shi, amsar za ta fi 30 ko ba za ta kai ba?

Akwai kuma abin da ya fi wannan arha, shiru. Mary Budd Rowe ta auna a azuzuwan Amurka wajen farkon shekarun 1970, ta ga malami kan jira daƙiƙa ɗaya ne kawai bayan ya yi tambaya kafin ya maimaita, ko ya nuna wani, ko ya amsa da kansa. Da aka horar da malamai su jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka tsawaita, masu ɗaga hannu suka ƙaru, har waɗanda aka yanke wa hukuncin ba sa ja suka fara magana. Daƙiƙa uku a gaban yara tamanin tana da tsawo fiye da yadda ake zato, wanda ya taɓa riƙe aji ya sani. A Japan an gina darasi sukutum a kan irin wannan haƙuri. Binciken bidiyo na 1995 da ya kwatanta azuzuwan Jamus da Japan da Amurka ya nuna malamin Japan kan kawo tambaya mai wuya kafin ya koyar da hanya, ya bar yara su yi ta fama yana zagayawa yana leƙa littattafansu, sannan ya zaɓo hanyoyi daban-daban, har da kuskure, a baje su a allo a tattauna. Wannan mataki suna kiransa neriage, kalmar da ke nuni da kwaɓa yumɓu har ya yi laushi.

Na san abin da malamin firamare na gwamnati zai ce, kuma yana da gaskiya. Yara tamanin ko ɗari, wasu a ƙasa, minti talatin da biyar, ga manhaja da mai duba makarantu zai zo ya ƙirga shafukan da aka rufe. Ba zai iya zagayawa ya tambayi kowane yaro me yake yi ba. Amma tambaya ɗaya a mako wadda ba ta da amsa, ko wadda aka cusa wa lambar da ba a buƙata, ba ta fi ƙarfinsa ba. Haka karanta labarin tambaya ba tare da lambobin ba, a sa yara biyu-biyu su gaya wa juna abin da ke faruwa, kafin a cike lambobin a allo. Cunkoson ma ya fi sa a yi tambaya uku a tattauna su maimakon ashirin da ba wanda zai iya dubawa.

Kada kuma a ɗauka hadda ce abokiyar gaba. Masu sha'awar sababbin hanyoyi kan yi wannan kuskure. Yaron da 7 sau 8 ke fito masa ba tunani ya sami sarari a faifansa da zai ɗora labarin tela da yadinsa, wanda kuwa ke ƙirga ta da yatsu ya manta da telan tun kafin ya kai 56. Al'ummar da ta san darajar tilawa ba sai an koya mata wannan ba. A haddace abin da ya kamata ya zama a bakin harshe, amma shawarar tarawa za a yi ko ɗebewa ba ta haddatuwa, kowace tambaya da nata labarin.

Sai harshe, wanda shi ne ya fi duk sauran cin wuri a faifan yaranmu. Yaron da aka ba tambayar mai ƙosai da Turancin da bai fi kalma uku ya gane a ciki ba, me ya rage masa in ba farautar lambobi da kalmar alama ba? A wurinsa dabara ce ta tsira. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara firamare shida cur da Yarbanci, har da lissafi, ya nuna ba su gaza takwarorinsu da aka koyar da Turanci ba, a fannoni da dama ma sun fi su, kuma Turancinsu bai lalace ba. Ko da manhaja ta tilasta Turanci, babu abin da zai hana malami ya ce wa yaro, "Faɗa mini da Hausa, me ya faru da mai ƙosan nan?"

Makon da ya wuce na sake rubuta wa 'yar ƙanwata tambaya a littafinta. Mai lemo ya sayo 60, ruɓaɓɓu 8, ya kasa sauran huɗu-huɗu, kashi nawa ya samu? Ta karanta, ta sake karantawa, ta ɗago ta harare ni. "Kawu, wannan ma irin ta mai shayi ce ko?" Na ce ban sani ba, ta duba. Ta yi wajen minti biyar tana zana ƙananan da'irori a gefen shafi tana soke takwas daga ciki, sannan ta rubuta 13. Ba ta ja layin rula ba tukuna, sai da ta tambaye ni ko mai lemon zubar da ruɓaɓɓun ya yi, ko kuwa ya cusa su a ƙasan kashi kamar yadda na bakin kasuwarmu yake yi.